Ki Dubi Takalminsa Kafin Ki Yarda da Bakinsa

Nassarawa GRA, Kano
Laraba da hantsi

Zuwa ga Uwata, Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da aka tura ki. Hajiyarku tana gaishe ki, ko da yake ita ta riga ta yi miki tata nasihar da baki har sau uku. Ni ban iya ta baki ba, shi ya sa na cusa wannan a ƙasan akwatinki, cikin ƙunshin da na ce kada ki kwance sai kin isa. Na san kin kwance kin yi mamaki, don takalmin nan ne baƙi sau-ciki da kika sayo mini da albashinki na farko. Ki ajiye shi gefe tukuna, zan zo kansa.

Kin ce mini a asibitin da za ki ke kaɗai ce likita, kuma ranar Talata ta masu hawan jini da ciwon zuciya ce. Abin da za ki rubuta musu kin fi ni sani, karatunsa kika yi. Abin da ban tabbata an koya miki ba shi ne irin ƙaryar da za su shirga miki. Wannan kuwa fannina ne. Shekara tara ina yi wa likitoci ita, biyun ƙarshe ke nake yi wa. Mugu shi ya san makwancin mugu, don haka ki zauna ki karanta a tsanake.

Kin tuna Sista Rahila, ma'aikaciyar jinyar nan mutuniyar Zariya da ta zauna a layin bayanmu, mai kawo mana cincin da Kirsimeti? Ita ta fara gano ciwona, ina sauran shekara biyu in bar aiki. Ta zo auna Hajiya, ni kuma na miƙa hannu don wasa. Ta auna, ta sake aunawa. Sai ta ce, "Alhaji, gobe ka je ka ga likita. Gobe na ce, ba jibi ba." Na ce mata ni ko ciwon kai ba na yi. Ta ce, "Ai shi wannan ba ya sallama, shigowa kawai yake yi."

Na je, an ba ni magani, na sha wata uku. Da aka ce jinin ya sauka sai na ɗauka na warke, kamar wanda ya gama maganin zazzaɓi. Na ajiye. Likitan ya faɗa mini cewa sha ne na har abada, amma da Turanci ya faɗa, yana rubutu, kansa a sunkuye, ni kuma na ga dama na ƙi ji. Ke in za ki faɗa, ki ajiye biro, ki dubi mutum cikin ido, ki faɗa da Hausar da kakarsa za ta gane. Sannan ki sa ya maimaita miki. Wanda ya yi saurin cewa "To, Likita, na gane," shi za ki fi sa wa ido. Ni ma haka nake cewa, kuma har da murmushi.

Daga nan soja suka koma bariki, siyasa ta dawo. Na yi ritaya, sai aka fara ambaton sunana a shugabancin wata hukuma. Ke kina jami'a lokacin, ba ki ga yadda unguwar nan ta koma ba. Kowane gida akwai motoci a ƙofa, kowa yana leƙen kowa. A irin wannan yanayi ciwo sirri ne, don duk wanda aka gani a bencin masu ciwon zuciya, kafin la'asar an kai labari cewa ba zai iya aiki ba. Na koma shan magani saboda wani jiri da ya kusa kayar da ni, amma ta ƙofar baya nake shiga asibiti, kuma ba a motata ba.

A cikin ƙwayoyin akwai wata 'yar ƙarama fara mai sa fitsari. Ita ce ta zama abokiyar gabata. Za a zauna taro a falon wani jigo awa huɗu, ni ina tashi kewayawa sau uku. Kafin in dawo an yanke magana, ga kuma idanu a kaina. Ban da wannan, ni mutum ne mai alfahari da riƙe alwala tun azahar har isha, har ana ba da misali da ni a masallacin unguwa. Ƙwayar nan ta raba ni da wannan suna. Sai na daina shan ta, ban gaya wa kowa ba. Duk zuwa likita zai ce, "Alhaji, ana shan magani?" in ce, "Ba fashi." Ya ga jini bai sauka ba, ya ƙara wata ƙwaya a kan waɗanda ba na sha. Da na ga suna yawa, sai na fara zargin ko gwaji yake yi da ni, ko kuma yana da kaso a kemis ɗin da ke bakin asibiti. Har na faɗa wa mutane haka. Allah Ya yafe mini, bawan Allah nan iyakar ƙoƙarinsa yake yi a kan ƙaryar da na shimfiɗa masa.

To ke, kada ki tambayi mutum ko yana shan magani. Amsar a shirye take tun daga gida. Ki ce ya zo da kwalayen gaba ɗaya cikin leda, ki zazzage a tebur, ki nuna ɗaya bayan ɗaya ki ce, "Wanne ne a ciki yake takura maka?" Wannan tambayar ba ta kunyata kowa, shi ya sa ake samun gaskiya da ita. Ki tambaye shi alwala, ki tambaye shi azumi, ki tambaye shi doguwar tafiya a motar haya. Da wani ya ce mini in sha 'yar farar ƙwayar nan da asuba ta gama aikinta kafin azahar, da wataƙila ba wannan takardar nake rubuta miki ba. Akwai kuma wata matsala da wasu ƙwayoyin ke jawo wa maza, wadda namiji zai gwammace ya mutu da ya faɗa wa likita mace sa'ar 'yarsa. Ki sa ma'aikacin jinya namiji mai hankali ya ja su gefe ya tambaya. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan a kan wannan, ke ma kin san dalili.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a gari ya cika da jita-jita, kowa yana zargin wanda ba ya sallah a sahunsa. Ni ma na bi iska. Na ji an ce Sista Rahila tana zuwa yi wa matar abokin takarata allura, sai na ƙulla a raina cewa ita ke kai labarin jinina can. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na sa Hajiya ta gaya mata kada ta ƙara shigo mana da na'urar awonta. Matar nan ta tsaya a ƙofar falo, jakarta a hannu, ta ce, "Alhaji, sirrinka ban taɓa kai wa kowa ba. Amma jininka ba ya jin tsoron siyasa." Ta juya ta fita. Muƙamin kuma daga ƙarshe wani aka ba, mai ciwon sukari, da sandarsa yake shiga ofis kowa yana gani.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: za a zarge ki. Za a ce maganinki na Turawa ne, za a ce yarinya ce, za a ce wani ya turo ki. Kada ki yi fushi ki ƙyale mutum da halinsa. Sau da yawa mai zargin nan tsoro ne ya cika masa ciki, kuma abin da yake ɓoyewa ya fi abin da yake zargin ki da shi girma.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi yi mini nauyi. Malam Idi, direbanmu mutumin Jigawa, wanda ya kai ki makaranta tun kina firamare. Kin san ya sami shanyewar ɓarin jiki kina shekarar ƙarshe a jami'a. Abin da ba ki sani ba shi ne hannuna a ciki.

Ya daɗe yana ce mini ƙeyarsa tana masa nauyi, idonsa yana yin duhu. Maimakon in kai shi a auna shi, sai na buɗe aljihun mota inda nake tara ƙwayoyin da ba na sha, na ɗebo masa. Na ce, "Ungo, Malam Idi, wannan na manya ne." Ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Yana sha ranar da kai ya yi ciwo, ya bari ranar da ya lafa. Ni kuma ina jin na yi alheri. A gida Hajiya tana fama da yi mini miya ba gishiri ba dunƙule, ina ci ina yamutsa fuska ina karɓar sannu. Da mun fito daga masallacin Juma'a kuwa, sai mu tsaya wajen mai balangu, a zuba yaji har ya rufe naman, mu rufe gilashi ni da shi mu cinye, mu goge baki. Sirrinmu ne, har dariya muke yi.

Wata safiya yana wanke mota bokiti ya suɓuce daga hannunsa. Na fito na tarar bakinsa ya karkace, yana magana ba a ganewa. 'Yan'uwansa suka zo suka ce iska ce ta buge shi, za su kai shi gida a yi masa hayaƙi da rubutu. Uwata, na san ba iska ba ce. Amma na ji tsoron in aka je asibiti za a tambayi wa yake ba shi magani, a ji sunana, a ji ciwona. Na yi shiru, har na ba su mota. Sai bayan kwana uku aka dawo da shi asibiti, likita ya ce an makara. Wannan shirun da na yi har yau yana ci mini rai, kuma ban san da bakin da zan amsa shi gaban Allah ba.

Don haka duk wanda ya zauna gabanki, ki tambaye shi su wa yake ba wa maganinsa. Mu mutane ne masu kyauta, ƙwaya ma rabawa muke yi kamar goro. Ki kuma gaya wa iyalin kowane mai hawan jini, tun kafin ranar ta zo, cewa in baki ya karkace ko hannu ya saki, ko ƙirji ya ɗaure da gumi, a ɗauko shi a lokacin. Kada ki ce musu su bar addu'a, ba za su ji ba, kuma bai kamata su bari ba. Ki ce a yi ta a cikin mota, ana tafiya.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni wata biyu na shafa, na koma ruwa.

Sai kika gama karatu kika dawo gida, kika ce daga yau ke ce likitata. Kowace Juma'a da safe ki zo da na'urarki da ɗan littafinki, ki naɗa mini a dantse, ki rubuta, ki ce, "Ma sha Allah, Baba, ka ci gaba da haka." Ga yadda nake yi: ina fara shan magani ranar Laraba, in sha Alhamis, in sha Juma'a da asuba. Daga Asabar zuwa Talata hutu. Ban yi don in cuce ki ba. Fuskarki nake son gani in kin duba na'urar kin yi murmushi, kuma na riga na saba da ƙaryar har ta zame mini jiki.

Tun kafin azumin bara ƙafafuna suka fara kumbura. Sai na sayi huffi, na ce sunna nake rayawa, shafa a kansa ya fi sauƙi. Zamani ne da kowa ke ƙara wa shigarsa alamar addini, ba wanda ya yi mamaki, har liman ya yaba. Da sujada ta fara sa ni haki, na koma sallah a kan kujera na ce gwiwa ce. Don ƙaryar ta zauna har maganin ciwon gaɓoɓi nake aikawa a sayo mini a kemis, ina sha kullum, ashe shi ma ƙara wa zuciyar kaya yake yi. Filo ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama uku, na ce wa Hajiya mura ce. Ranar da kika ce, "Baba, wai ina takalmin da na sayo maka, ban taɓa ganin shi a ƙafarka ba?" na ce na ajiye shi sai Sallah. Sau biyu kawai na sa shi. Tun daga nan ya ƙi shiga.

Kada ki ga laifin kanki. Wace 'ya ce za ta ce wa ubanta ya tuɓe huffi ya ɗaga wando? Da kunyarki na yi amfani, na kuwa san abin da nake yi. Amma ki ɗauki darasi biyu. Kada ki ƙara zama likitar gidanku, so yana rufe ido. Kuma a can, in dattijo ya shigo miki da babbar riga da rawani da carbi, ki gaishe shi har ƙasa, ki ba shi girmansa, sannan ki ce ya cire takalmi. Ki dubi ko ya take bayan takalmin, ko ya koma silifa alhali rigarsa ta manya ce. Ki danna yatsa a ƙwaurinsa. Ki tambayi matarsa filo nawa yake kwana a kai, kada ki tambaye shi.

Juma'ar da ta wuce, bayan kin auna ni kin rubuta, na je Tudun Murtala gai da Malam Idi a gidan ɗansa. Daga bakin lungu zuwa zauren, tafiyar da ba ta kai ta minti biyu ba, sau biyu ina tsayawa kamar ina gyara hula. Yana zaune a tabarma ya jingina da bango, yana kallona tun daga nesa. Muka gaisa. Maganarsa har yanzu a daƙile take, sai ka kasa kunne. Ya ce, "Alhaji, cire huffin nan."

Na yi dariya na ce, "Malam Idi, yaushe ka zama likita?"

Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina buɗe maka ƙofar mota. Na san tafiyarka. Cire."

Na cire. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya danna babban yatsa a ƙwaurina, ya ɗauke. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Muka zuba masa ido mu biyu. Can ya ce, "Ni jahilci ne ya kai ni nan, Alhaji. Kai fa?" Na roƙe shi gafarar shirun da na yi ranar da ya faɗi. Ya ce ya daɗe da sani, ya kuma daɗe da yafewa, amma in ina son yafiyar ta tabbata in je asibiti. Na yi kuka a zauren nan, ban ji kunyar ɗansa ba.

Daga can ban zo gida ba, Giginyu na wuce, inda Sista Rahila ta koma bayan ta yi ritaya. Na shirya doguwar ban-haƙuri, ba ta bari na kai rabi ba. Ta dubi ƙafata, ta ɗauko mayafinta ta ce, "Tashi mu je. Maganar baya ma yi ta a hanya." Likitan zuciya ya yi hoto da gwaje-gwaje, ya ce zuciyar ta buɗe ta yi rauni saboda shekarun da ta yi tana turin jini mai ƙarfi, ruwa kuma ya fara taruwa a huhu. Na faɗa masa komai, har balangu. Ya so ya kwantar da ni a ranar. Na roƙe shi ya bar ni zuwa Alhamis, ya yi faɗa sosai, sannan ya yarda da sharaɗin Hajiya ce za ta riƙe magani. Tun ranar take ba ni a tafin hannu, ta tsaya sai na haɗiye, ta ce in buɗe baki ta gani. Ni na roƙe ta kada ta gaya miki.

To, gobe da motarki ta sha kwanar layinmu, ni ma jakata a shirye take. Lokacin da kike karanta wannan ina kwance a asibiti.

Na san abin da zuciyarki take raya miki yanzu, kuma ban yarda ba. Kada ki juyo. Ni ina da likita, ina da Sista Rahila, ina da Hajiya mai leƙa baki. Mutanen can ke kaɗai gare su, kuma a bencin nan na ranar Talata akwai irina da irin Malam Idi da ba su riga sun makara ba. Abin da ya sa na ɓoye miki har kika tafi ke nan, kuma ita ce ƙarya ta ƙarshe da nake fatan yi miki.

Amma kada ki yarda da wannan ma. In kin bugo waya na ce miki lafiya lau, ki ce a ba Hajiya. In Hajiya ta ce da sauƙi, ki nemi Sista Rahila. Bakina ya zubar da mutuncinsa a wajenki, na sani, shi ya sa na ba ki shaidar da ba ta iya ƙarya. Ki riƙe takalmin nan a wajenki, don in yana nan zan iya kai wa baduku ya buɗa shi, na san halina. In kin zo hutun Babbar Sallah ki taho da shi, ki durƙusa ki sa mini da hannunki. In ya shiga, ki yarda da ni, mu tafi Idi da shi. In kuma kin zo Allah Ya yi ikonSa ba ki tarar da ƙafar ba, ki koma da shi ki ajiye a ƙarƙashin teburinki inda kowane dattijo zai gani. Duk wanda ya tambaye ki na wane ne, ki gaya masa, kada ki rage komai.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya sa waraka a hannunki, Ya ba ki idon gane mai ɓoye ciwo da haƙurin zama da shi. Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani. Ki yafe mini. Ki sa ni a addu'a, ki sa Malam Idi.

Wassalam.

Mahaifinki.